Zafi Da Laima: Abin Da Ke Cin Kayanmu A Kudu
(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Sabo, Ibadan)



Abin da ya sa muka tashi magana yau shi ne asarar da muke tafkawa duk damina. A loda albasa a Sakkwato garau, ta sauka a nan, kafin mako biyu rabin buhu ya ruɓe. Sai mu kama zargin direba ko dillali, muna cewa zafin hanya ne. To, jama'a, in zafi ne kawai, ai Arewa ta fi. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, na Ibadan kuwa da wuya ya wuce 35. Me ya sa albasa ke yin watanni a rumbu can, a nan ta kasa?

Amsar ita ce laima, wato ruwan da ke cikin iska. Ƙasar nan iska biyu ke juya ta. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Ɗayar kuma daga hamadar Sahara take fitowa, busasshiya, ita ce hunturunmu mai hazo. Zafin rana ne ke tuƙa su. Ƙasa ta fi teku saurin ɗaukar zafi. Idan ta yi zafi sai iskar da ke kanta ta yi sama, ta teku ta kwararo ta maye gurbinta. Iska mai danshi in ta hau sama sai ta yi sanyi, ta zama hadari.

Mu da ke kusa da teku, iskar nan mu take fara riska, kuma mu take bari daga ƙarshe. Shi ya sa ruwa kan sauka a nan tun Maris ko Afrilu har Oktoba, ya haura milimita 1,200 a shekara, alhali daminar Sakkwato ba ta wuce wata huɗu. Tsayin ƙasa ma yana da nasa. Jos tana kan tudu na kusan mita 1,200, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafi kan ragu da kamar digiri 6. Nan ne asirin dankalin Turawan da take aiko mana.

Yanzu ga inda muke so a saurara da kyau. A ƙarshen Yuli zuwa Agusta ruwa kan ɗan ɗauke a ƙasar Yarbawa, domin a lokacin ƙarfin damina ya koma Arewa, ana marka a Kano. Wannan ɗaukewar kan ruɗe mu, mu cika shago da kaya. Amma laima tana nan, kuma ruwan zai dawo da ƙarfi. Dattawanmu ba su manta ambaliyar kogin Ogunpa ta ranar 31 ga Agusta, 1980 ba, sannan an sake ganin wata a 26 ga Agusta, 2011.

Saboda haka ga shawararmu. Daga Afrilu zuwa Oktoba a rage yawan odar albasa, a riƙa kawo abin da za a sayar cikin 'yan kwanaki. Kada buhu ya taɓa siminti, a ɗora shi a kan katako, a bar tazara da bango. A daina lulluɓe kaya da leda a cikin shago, domin gumi suke yi su yi hunhuna. Wake da masara a tabbatar sun bushe sosai tun daga can. Masu goro kuma naku akasin namu ne: abin tsoronku bushewar hunturu, sai a kula da ganyen huhu kafin mota ta kama hanya. Masu shago a bakin rafi su kwashe kaya zuwa tudu tun kafin Agusta ya ƙare.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Muna roƙon sakatarenmu ya riƙa karanto mana shi a taro, da Hausa. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba da kasuwa.