Addinin Hindu: Asalinsa da Ginshiƙansa



Tun shekarun 1950, sa'ad da 'yan kasuwar Labanan suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano, Bahaushe ya saba ganin mutum-mutumi mai hannuwa huɗu, ana kunna masa fitila, ana rera masa waƙa. Daga nan mutane da yawa suka yanke hukuncin cewa addinin Hindu bautar gumaka ce kurum. Alhali kuwa al'amarin ya fi haka zurfi, kuma ya kamata duk mai zaman aiki da likita ko malami Ba'indiye ya san shi.

Wannan addini ba shi da mutum guda wanda ya kafa shi. Sunansa ma daga Kogin Sindhu ya samo asali, wanda Farisawa suka riƙa kira Hindu. Mafi tsufan littattafansa shi ne Rigbeda, mai waƙoƙin yabo 1,028 cikin harshen Sanskirit, waɗanda aka tsara wajen shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa.

Littattafan Upanishad da suka biyo baya sun koyar da cewa akwai Haƙiƙa ɗaya, watau Brahman, wadda kome ya fito daga gare ta. Manyan abubuwan bauta uku, Brahma mai halitta, Bishnu mai kiyayewa da Shiba mai rushewa, da yawan mabiya na ɗaukarsu fuskokinta ne. Rama da Krishna, waɗanda ake yawan ambato a finafinai, siffofi ne da suka ce Bishnu ya sauko duniya da su.

Game da makomar ɗan Adam, sun gaskata cewa rai yana sake dawowa duniya cikin wani jiki, gwargwadon aikin da ya gabatar, abin da suke kira karma. Babban burinsu shi ne moksha, watau kuɓuta daga wannan kai-da-komowa. A nan ne suka yi hannun riga da Musulmi da Kirista, waɗanda suka yi imani da rayuwa ɗaya da hisabi ɗaya.

Wajen shekara ta 1030, malamin Musulunci Al-Biruni, bayan ya koyi Sanskirit, ya rubuta littafi kan Indiya, inda ya bambanta aƙidar masanansu, masu magana kan Ubangiji ɗaya, da al'adar talakawa ta riƙon gumaka. Bai bar addininsa ba, bai kuma yi wa nasu ƙage ba. Ƙidayar 2011 ta nuna Hindu miliyan 966 a Indiya kaɗai. Jama'a mai wannan yawa ta cancanci irin adalcin Al-Biruni.