RANAR DA NA DAWO DAGA FANISAU A ƘASA

 Yau labarin kaina zan ba ku, wanda zai yi dariya ya yi, na yafe.

Ni dai a Sharada nake aiki, kamfanin roba, injin buga bokiti da buta. Abokaina biyu kuwa, ɗaya yana kamfanin fata a Challawa, ɗayan yana Bompai. Wata Babbar Sallah muka ce wallahi bana ba za mu tsaya gefen titi muna kallon mutane a kan doki ba. Wata biyar muna adashe. Muka samu wani dattijo mai barga a bayan unguwarmu, ya ba mu hayar dawaki uku, da sharaɗin shi zai ja mu, kuma maganarsa ce magana.

Tsarin shi ne mu riga kowa zuwa Fanisau, mu kwana biyu a gindin duwatsun nan, ranar hawan Fanisau, wato hawan ƙarshe, mu biyo ayari mu dawo gari. Wanda bai san wurin ba, yana arewacin birni, ƙaramar hukumar Ungogo. Sansanin yaƙi ne na Sarki Ibrahim Dabo, lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, kuma can Baturen Birtaniya Clapperton ya same shi a 1824. Mu dai tabarma muka shimfiɗa, sauro ya yi Sallarsa a kanmu.

To ga inda na yi ɓarna. Yammacin jajiberin hawa, Baba ya tafi neman harawa. Kafin ya tafi sai da ya ce, “Yaro, kilisa kawai, ban da sukuwa a kan tsakuwa.” Yana ba da baya na miƙa wa abokina waya na ce ɗauke ni. Na saki linzami. Sau biyu! Bidiyon ya yi kyau, ba ƙarya.

Da asuba na ga Baba tsugune gaban akawal ɗina, ya ɗaga ƙafarsa ta gaba yana tsokaci. Ya ce in kawo hannuna. Na taɓa kofaton, zafi kamar injin da ya kwana yana aiki. Tsakuwa ta shige, ta yi masa rauni. Bai tambaye ni komai ba, ya dai ce, “Wannan yau ba ya ɗaukar mutum.”

Na ce, “Baba, don Allah, ko a hankali ne. Saboda yau fa na biya kuɗin nan.”

Ya ce, “Na sani, ɗana. In ka hau shi zai kai ka, doki ba ya cewa a'a. Amma daga nan sai turke, wata nawa Allah masani. Da shi nake ciyar da gida.”

Ku gane halin da nake ciki. Na ɗinka babbar riga, na koyi naɗin rawani a YouTube, na gaya wa wadda nake nema inda za ta tsaya ta gan ni. Ga shi na yi musayar duti da wani, gobe ƙarfe shida na safe dole in kasance gaban inji. A wurin aiki in inji ya fara ƙara, mukan lallaɓa shi ya kai ƙarshen duti, injiniya ya ji da shi. Wallahi tunanin da ya fara zo mini ke nan.

Sai na ce, “Baba, ni ne. Jiya na yi sukuwa.” Ya ce ai tun dare ya ga gumin a ƙarƙashin sirdi.

Ayari ya taso da yamma, ga bindigogi suna tashi, ga algaita da kakaki, abokaina suka shige ciki suna ɗago mini hannu, marasa kunya. Mu kuwa muka jira hanya ta lafa. Baba ya kwance majayi, ya sauke sirdin ya ɗora a kan nasa dokin, shi ma ya ƙi hawa. Na riƙe ragama, na naɗe babbar riga a kafaɗa. Wani yaro a bakin titi ya ce, “Mai gida, man ne ya ƙare?”

Daga arewacin Kano har Sharada, a ƙasa, muna tafe muna tsayawa ya huta. Sai da dare ya raba muka isa barga. Na yi barcin awa uku na tafi aiki ƙafata duk bororo.

Kuɗin magani mun raba biyu da Baba, shi ya ce haka, ni na so in biya duka. Sati uku ina biyawa ta bargar bayan an tashi aiki da ɗan ƙullin dusa da kanwa, har akawal ya daina ɗingishi. Ita kuwa mutuniyar ta tsaya har magariba, kuma har yau ba ta yarda doki ne ya ji ciwo ba.

Bidiyon yana nan a wayata, ban taɓa ɗora shi ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.