Wayar Mita 20 a Tsakar Gida: Rediyon Gajeren Zango Ranar da Layi Ya Yanke



Wanda ya wayi gari a Wagadugu ranar 1 ga Satumba 2009 ba ya bukatar a ba shi labari. Ruwa milimita 263 ya sauka a yini guda, gidajen laka suka zube, mutane wajen 150,000 suka rasa wurin kwana, har asibitin Yalgado Ouédraogo sai da aka kwashe marasa lafiya. Unguwannin gefen gari da ba a yanka wa filaye ba, irin tamu ta Zongo, su ruwa ya fi ci. A Nuwamba 2021 kuma aka yanke intanet na wayar hannu kwana takwas. Salula ba ta magana sai da hasumiya da wuta; in ɗaya ya faɗi, an bar ka da kwalba a hannu.

Rediyon masu sha'awa ba ya jiran hasumiya. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, ta keɓe wa yankinmu wuraren kiran gaggawa: 7.110 da 3.760 megahaz don ƙasa da maƙwabta, 14.300 don nesa. Na farko na rana ne, na biyu na dare, amma da damina tsawa kan cika 3.760 da ƙara, saboda haka ni 7.110 na fi dogara da shi.

Inda nake so mu tsaya shi ne eriya, don nan ake yawan kuskure. Mutane na zaton sai an kai ta ƙololuwa. Don maganar kusa, ƙasa-ƙasa ake so. A sami wayar jan ƙarfe mita 20, a raba biyu, a haɗa kebul a tsakiya, a ɗaure bakunan da guntun bututun roba. A rataye ta kamar mita 5 daga ƙasa, daga dogon yaro zuwa sandar da aka kafe jikin katanga, nesa da rufin kwano. Saƙon sai ya miƙe sama, ya bugi rufin iskar sama, ya dawo kamar ruwa daga bakin bututu ya watsu a kewaye. Da batirin mota ɗaya da faifan sola ana iya jin Kaya, Fada N'Gourma, har Bobo-Dioulasso.

Cikin gari kuwa oba-oba a kan 144 zuwa 146 megahaz ta isa. Wagadugu shimfiɗe take, sandar santimita 50 a saman bene na kai magana unguwanni da dama.

Halin tsaron da muke ciki ya sa ba wanda zai kunna irin wannan na'ura ba takarda. Izini yana hannun hukumar kula da sadarwa ta ARCEP, kuma lambar kiran Burkina da XT take farawa. Roƙona ga dattawan unguwa, a zaɓi matasa uku, cikinsu har da mai gyaran rediyo, a nema musu izini bana, a rataya wayar a gwada ta tun watan Mayu kafin ruwa ya sauka.