Masu Kashe Gobara na Sa-kai da Matsayinmu a Ƙaramar Hukuma



Kaka ta wuce, hunturu ya kama, kuma duk mazaunin Sabo ya san abin da wannan lokaci ke kawo mana. Rumfunanmu na katako ne da kwano, sun haɗe da juna, ga janareto, ga jarkokin fetur, ga wayoyin lantarki da kowa ya ja yadda ya ga dama. In wuta ta tashi, kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso daga babban birni, yaranmu ne ke kan gaba da bokitai da yashi. Ashe kuwa muna da masu kashe gobara na sa-kai tun tuni. Abin da ba mu da shi shi ne tsari, da suna a rubuce a ofishin ƙaramar hukuma.

Bari mu ɗan leƙa inda wannan aiki ya daɗe. A Amurka, Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyar sa-kai ta kashe gobara a Filadelfiya a 1736, kuma har yau kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara a ƙasar ba albashi suke karɓa ba. A ƙananan garuruwansu, tashar kashe gobara ita ce majalisar gari. Nan ake taro, nan ake cin abincin tara kuɗi, mai neman kujerar kansila kuma ba ya kuskuren ƙin zuwa. A jihar New York ma akwai gundumomin kashe gobara masu kwamishinoni biyar, jama'a ke zaɓensu a watan Disamba, kuma suna da ikon sanya haraji. A wasu jihohin Jamus, 'yan ƙungiyar ne ke zaɓen kwamandansu, majalisar gari ta tabbatar da shi. Wanda ya taɓa shiga hayaƙi ya fito da ɗan maƙwabcinsa, in ya miƙe a taron gari ana saurarensa.

To amma tarihin nan yana da wani gefe da bai kamata mu ɓoye ba. William Tweed, wanda ya zama uban gidan siyasar birnin New York, daga ƙungiyar kashe gobara ya faro a ƙarshen shekarun 1840. A zamanin nan ƙungiyoyi kan iso wurin gobara su kaure da dambe a kan wa zai fara ɗibar ruwa, gida na ci. 'Yan siyasa suka mayar da su 'yan banga. Tweed ya ci zaɓen majalisar birni a 1851, ya wawure dukiyar jama'a, ya mutu a gidan yari a 1878. Tun a 1865 aka rushe ƙungiyoyin sa-kan birnin aka ɗauki ma'aikata masu albashi. Mu da muka ga yadda ake raba wa matasa riguna da ɗan kuɗin shayi ana gobe zaɓe, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

'Yan uwa, ga inda haƙƙinmu ya shigo. Tsarin mulki na 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini, na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar gida ko fili a ko'ina. Jadawali na huɗu ya ɗora kula da kasuwanni da tashoshin mota da tituna a wuyan ƙaramar hukuma. Kullum muna biyan kuɗin tikiti da na rumfa. Saboda haka idan muka nemi a buɗe hanyar da motar ruwa za ta bi ta tsakiyar kasuwa, ko a haƙa mana rijiyar burtsatse da tanki, ba alfarma muke roƙo ba. Kuma mun sani cewa bayan gobara ne ake sake rabon rumfuna, a nan ne wanda ake kira baƙo yakan wayi gari wurinsa ya zama na wani.

Shawararmu ita ce kowane layi ya ba da matasa biyu, kuma mu gayyaci maƙwabtanmu 'yan garin su shigo a yi tare, don wuta ba ta tambayar takardar shaidar asali. Mu rubuta wa hukumar kashe gobara ta jiha ta turo mai koya musu aiki, musamman cewa ba a watsa ruwa a wutar fetur ko ta lantarki. Mu yi rajistar ƙungiyar, mu kai wa shugaban ƙaramar hukuma da kansilan mazaɓarmu takarda da hannu, a buga mana hatimi a kan tamu. Duk ɗan takarar da ya kawo tukunyar kashe wuta za mu karɓa mu yi godiya a bainar jama'a, amma ba za a manna hotonsa a jikinta ba, kuma shugaban ƙungiyar ba zai riƙe muƙamin jam'iyya ba.

Iyaye mata, ku ma kuna ciki, don wutar gida takan fara daga risho da tukunyar gas. Sakatare yana bakin ƙofa da littafi, kowane mai rumfa ya rubuta lambar rumfarsa ya nuna rasit ɗinsa kafin ya fita.