Tayar Motar Gida: Jawabin Kwamitin Walwala a Taron Zagayowar Shekara



Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka tsallako daga Maraɗi, Ƙonni da Damagaram, da na Katsina, Kano da Sakkwato, sannunku da hanya.

An ba mu 'yan mintoci, mu kuma muka zaɓi mu yi magana a kan taya. Mun ga wasu sun yi murmushi. Ba tayar tirela muke nufi ba. Wannan kowa yana kula da ita, don in ta fashe kaya ne za su kwana a daji. Ƙaramar motar gida muke nufi, wadda ke kai yara makaranta, wadda ranar biki ake cika ta da uwargida da 'ya'ya da goggo a kama hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Ita ce muke saya wa taya da ragowar canji.

A bazarar da ta wuce, wani ɗan'uwanmu da ke zaune a nan, wanda ya yarda mu faɗa ba tare da suna ba, tayarsa ta baya ta fashe da tsakar rana yana tafe da iyalinsa. Motar ta bar kwalta ta faɗa gona. Allah Ya taƙaita, 'yarsa ce kawai ta karye a hannu. Wata biyu kenan da ya sayi tayar, zanenta a cike kamar sabuwa. Da aka duba gefenta, sai ga shi ta haura shekara goma da ƙerawa.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. Ku nemi inda aka rubuta DOT a gefenta, ku bi layin har ƙarshe, za ku ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, tana bushewa tana tsattsagewa, zafi kuma yana gaggauta hakan. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Kamfanonin taya suna ɗan sassautawa, amma su ma sun ce kada a wuce goma. Mu da ba ma karɓar katon ɗin madara sai mun juya mun ga kwanan wata, yaya za mu ɗora 'ya'yanmu a kan abin da ba mu duba ba?

Mun san a cikinmu akwai masu sana'ar taya, kuma ba mu zo kashe wa kowa kasuwa ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, tayar da muke hawa daga waje take zuwa, ta Legas, Kwatano ko Lome. Ana shigo da sabuwa, ana shigo da ta hannu, duk da tana cikin jerin kayan da kwastam ɗin Najeriya ya hana. Kuɗin sabuwa kuwa, ko a naira ko a sefa, ba wasa ba ne. Shi ya sa talaka ke komawa gwanjo. To amma da yawa daga cikin na gwanjon nan tayoyin hunturu ne na Turai. Za ku gane su da ɗan hoton dutse mai ƙanƙara a ciki. Robarsu mai laushi ce, don sanyi aka yi ta, ba don kwaltar Sakkwato a watan Afrilu ba. Wata kuma an sake yanka mata zane da wuƙa, an shafe ta tana ƙyalli. In dole sai ta hannu, to a duba shekara, a shafa gefe ko akwai kumburi, a leƙa ciki a ƙirga faci.

Sai girma. Ku sayi lambar da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba wadda mai shago yake da ita ba. Misali 195/65 R15 91H, wadda Corolla da yawa ke sawa: 195 faɗi ne da milimita, 15 girman rim da inci, 91 ɗin nan kuma yana nufin tayar na ɗaukar kilo 615. Mutum biyar da buhun shinkafa biyu da jarkokin mai a but, ku yi lissafi da kanku. In akwai rubutun darajar jure zafi, A ta fi B, B ta fi C. A ƙasarmu, A za a nema.

In kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya. Mun san bakanike zai ce gaba, an daɗe ana wannan gardama. Amma in gaba ta zame, kana da sitiyari a hannu. In baya ta kwashe, motar juyawa take yi.

Iska kuma, a jikin ƙofar nan aka rubuta ta, yawanci talatin da 'yan kai. Mai faci in ba ka tsaya a kansa ba sai ya buga hamsin ya ƙwanƙwasa ya ce ta yi. A auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, har da safaya, wadda ba mai tunawa da ita sai a daji.

Roƙonmu ga 'yan'uwa masu taya shi ne, duk ɗan ƙungiya da ya saya a wurinku, ku rubuta masa lambobin nan huɗu a rasit. Mun kawo tayar ɗan'uwanmu, tana bakin ƙofa. Bayan an ci abinci kowa ya tsaya ya ga inda lambar take, sannan ya je ya duba tasa kafin a kama hanya.

Allah Ya mai da kowa gida lafiya.