Hisabin Wakilinmu a Majalisar Tarayya



Ƙasar nan tamu ta Maradun da Bakura da Talata Mafara ba ta taɓa rasa manyan wakilai a Abuja ba, domin Bello Matawalle ya riƙe kujerar Bakura da Maradun a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, Ahmad Sani Yariman Bakura ya wakilci Zamfara ta Yamma a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2019, yau kuma tun 2023 amanar tana hannun Abdul'aziz Yari. Sai dai mu talakawa, in muka tashi auna wakili, buhunan shinkafar azumi da kujerun Hajji muke lissafawa, alhali kuwa asalin aikinsa shi ne ƙudurin da ya gabatar, da bahasin da ya yi a zauren majalisa a kan madatsar ruwan Bakalori, wadda manomanmu ke kallon magudananta sun cushe da yashi, da kuma halin tsaron ƙauyukanmu.

Batun kuɗin yaƙin neman zaɓe ya fi wannan nauyi. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar Sanata naira miliyan 100, na Majalisar Wakilai miliyan 70, ta kuma wajabta wa jam'iyyu miƙa wa hukumar INEC lissafin abin da suka kashe cikin wata shida bayan zaɓe. Wanda ya ba da gudummawa mai tsoka, galibi da buƙatarsa yake zuwa, don haka haƙƙinmu ne, idan wakili ya zo gida gaisuwar Sallah, mu nemi ya bayyana mana ƙudurorinsa da sunayen waɗanda suka ɗauki nauyin takararsa.