Jawabi ga makiyaya a kan ƙidayar namun daji a Gadabeji

Dattawa, ardo-ardo, 'yan'uwa makiyaya da masu fataucin shanu.

Da yawa cikinku kun tambaye mu: waɗannan mutane masu yawo da na'urar hoto da littafi a bayan raƙuman dawa, me suke nema? Ƙidaya suke yi, kuma ƙidayar ta shafe mu.

A shekarar 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a Nijar, wajen Kure, kusa da Yamai. Kowane raƙumi da zanen jikinsa, kamar yadda ba wanda zai rikita mana saniya da wata cikin garke. To, da hoton zanen nan ake gane su ɗaya bayan ɗaya, a san wadda ta haihu da wanda ya mutu. A haka aka bi su har suka haura 600. Da aka ga gonaki sun matse su a can, sai a 2018 aka ɗauko 8 aka kawo gandun Gadabeji na ƙasar Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955. Wasu har an maƙala masu 'yar na'ura mai magana da tauraron ɗan Adam, duk inda suka kwana an sani.

Raƙumin dawa ba ya cin ciyawar shanunmu, ganyen itace yake ci. Inda za mu yi karo shi ne sassabe. Idan rani ya tsananta muka hau ice muna datse rassa don awaki, masu binciken suna rubutawa, kuma da wannan rubutu ne ma'aikatan gandun daji ke yanke inda za a shiga da inda za a hana. Shi ya sa muke cewa kada a gudu in an gan su. Rijiyar da ba a rubuta ba, burtalin da ba ya cikin taswira, gobe ce mana za a yi babu shi, sai tara ta biyo baya.

Mu ma muna da abin faɗa masu. Wanda ya shekara 30 yana bin dajin nan ya san tabkin da ke riga ƙafewa, ya san ciyawar da ta ɓace tun farin 1984. Na'ura ba ta ga wannan ba.

Don haka ƙungiya tana roƙon kowace ruga ta ba da mutum ɗaya wanda zai raka masu ƙidaya, ya nuna masu mashaya da makwanta, kuma a karanta masa abin da aka rubuta kafin su tashi. A kawo mana sunayen ranar kasuwa mai zuwa.